Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya: A Auna Ƙarfen Jikin Tsoho Kafin A Ƙara Masa

Zuwa ga Mai Girma Ministan Lafiya na Tarayyar Najeriya,
Abuja.

Ranka ya daɗe,

Da fatan Allah ya taimake ka bisa wannan amana da aka ɗora maka, wadda nauyinta ya fi na sauran amanoni tun da rayukan bayin Allah ne a cikinta, ina neman izini in gabatar maka da wata mas'ala da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wadda kuwa, ko da yake ba ta cikin manyan annobai da akan yi wa shela a rediyo, tana cin dattawanmu a ɓoye kamar yadda gara kan ci azara, ba a farga ba sai ranar da soro ya rufta. Ni ba likita ba ne, tsohon malamin makaranta ne wanda jinyar ɗan'uwa ta tilasta wa tambaya da bincike. Na san kuwa abin da zan faɗa ka fi ni saninsa, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Asalin zancen shi ne yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, Allah ya jiƙansa. Da ya ba shekara sittin baya sai kasala ta kama shi, gaɓoɓin yatsunsa suka riƙe har jan tasbaha ya zame masa aiki, duk wanda ya zo gaishe shi kuwa, tun daga maƙwabta har surukai, fatawarsa ɗaya ce: jininsa ne ya yi ƙasa. 'Ya'yansa, saboda biyayya da tausayi, suka dinga zuwa kemis suna sayo kwalaben maganin ƙarin jini, wanda ya zo daga birni ma tsarabarsa ke nan, har aka yi kusan shekara huɗu yana sha safe da yamma, babu wanda ya taɓa cewa a ɗebi jinin a duba. Sai da ciwon sukari ya bayyana, ciki ya fara kumbura, sa'an nan aka kai shi wani babban asibiti, inda wani likita matashi ya sa aka yi awo, aka tarar ƙarfe ya cika masa jiki ya yi ambaliya, hanta ta riga ta ƙandare. Likitan ya dubi takarda, ya dube ni, ya ce, "Baba, kai ma a auna ka." Aka auna ni, ni da ban taɓa kurɓar maganin nan ba, sai ga nawa ma ya wuce kima. Ya ce wannan alama ce ta gado, amma awon da zai nuna ainihin ƙwayar da muka gada ba a yinsa a wurinsu. Yayana bai cika shekara ba bayan wannan. Ni kuwa ga ni, ana ɗibar mini jini lokaci-lokaci, ina cikin ƙoshin lafiya gwargwadon shekaruna, bambancin da ke tsakanina da shi kuwa, bayan ƙaddara wadda ba ta da makawa, awo ne guda ɗaya da aka yi mini da wuri, shi aka yi masa a makare.

Domin wasiƙar nan buɗaɗɗiya ce, kuma waɗanda ba likitoci ba za su karanta ta, ka yi mini afuwa in bayyana yadda al'amarin yake. A jikin baligi akwai sinadarin ƙarfe kimanin giram 3 zuwa 4, watau nauyin 'yar ƙusa, kashi biyu cikin uku nasa yana cikin jan jini, shi ne ke ɗauko iskar da muke shaƙa daga huhu ya rarraba wa gaɓoɓi. Ƙwayar jan jini takan yi kamar kwana 120 ta mutu, amma jiki ba ya zubar da ƙarfenta, sai ya kwance shi a saifa da hanta ya mayar wa ɓargo a sake ƙira da shi, kamar yadda maƙeri kan narka tsohuwar fartanya ya fitar da sabuwa. Abin da ke salwanta a yini, ta fatar da ke saɓewa da bangon hanji, bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba, daidai wannan kuwa hanji ke tsotsa daga abinci ya cike gurbi. Abin lura a nan, wanda shi ne ginshiƙin maganata duka, shi ne jiki ba shi da wata hanya ta korar ƙarfe idan ya yi yawa: gishiri in ya yi yawa ƙoda ta fitar, ruwa in ya yi yawa a yi fitsari, amma ƙarfe in ya shiga ya shiga ke nan, sai fa in jini ya zuba.

Tun da babu ƙofar fita, sai hikimar Mahalicci ta sanya tsaro a ƙofar shiga. Misalinsa kamar birni ne mai ganuwa a zamanin da, inda sarkin ƙofa ba ya buɗewa ko rufewa sai da umarni daga fada. Fadar ita ce hanta, jakadanta wani sinadari ne da masana suka gano a shekarun 2000 da 2001 suka sa masa suna hefsidin, ƙofar kuma ita ce ferofotin, wadda ke jikin bangon hanji. Idan rumbun ƙarfe ya cika, hanta ta aika jakada a rufe ƙofa. Idan ya yi ƙasa, ta janye shi a buɗe. To, umarnin gina wannan tsari duka rubuce yake a cikin ƙwayoyin gado da ɗa ke karɓa, kwafi ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Duk almajirin da ya yi mu'amala da littattafan hannu ya san abin da ake kira tas'hifi, watau marubuci ya yi tuntuɓen alƙalami ya sauya harafi guda, ma'ana ta juye, sa'an nan duk wanda ya kwafa daga wannan kwafi ya gaji kuskuren, ɗalibi bayan ɗalibi, har ƙarnoni. Haka yake faruwa a ƙwayar gado, harafi ɗaya kuwa ya isa ya sa jakada ya yi barci, ƙofa ta kwana a buɗe.

Turawa ne suka fara bin diddigin wannan ciwo, domin a cikinsu ya fi yawa. A 1865 wani likitan Faransa, Armand Trousseau, ya siffanta majinyaci mai ciwon sukari da ƙandararriyar hanta da fatar da ta rine kamar tagulla; a 1889 Bajamushe von Recklinghausen ya raɗa wa ciwon suna himokuromatosis; a 1935 likitan Ingila Joseph Sheldon, bayan ya yi nazarin labarin majinyata fiye da 300, ya yi hukunci cewa abin haifuwarsa ake yi da shi, ba shaye-shaye kaɗai ke kawo shi ba; sai a 1996 masu bincike a Amurka suka kama ƙwayar da hannu, suka kira ta HFE, kuskuren harafin kuma C282Y. Tafiyarsa irin ta sikila ce da mutanenmu suka sani: wanda ya gaji kwafi ɗaya mai ɗauke ne kawai, wanda ya gaji biyu shi ke cikin haɗari, kuma idan an same shi ga mutum, kowane shaƙiƙinsa yana da rabo ɗaya cikin huɗu na kasancewa kamarsa. A ƙasar Ailan, inda ya fi kamari a duniya, kimanin mutum 1 cikin 5 yana ɗauke da kwafi ɗaya, 1 cikin 83 kuma yana da biyu.

Dalilin da ya sa ciwon yake jiran tsufa, alhali tun ranar suna yana nan, lissafi ne mai sauƙi. A ce hanji yana wuce ƙa'ida da miligiram 2 kacal a kowace rana, abin da ido ba zai ko gani ba. A shekara ya zama miligiram 730, a shekara 30 ya haura giram 20, watau ninki biyar ko shida na abin da jiki ke bukata. Wannan rara tana taruwa a hanta, da zuciya, da gaɓoɓi, da sashen da ke sarrafa sukari, tana yi musu abin da tsatsa ke yi wa kwano. Alamominta kuwa su ne kasala, da ciwon gaɓoɓi musamman tushen manuniya da ɗan yatsan tsakiya, da duhun fata, da raunin mazakuta, da ciwon sukari, da bugun zuciya ba bisa tsari ba, daga ƙarshe ƙandarewar hanta wadda kan kai ga sankara. Ranka ya daɗe, wanne ne cikin na farko-farkon nan ba za a ce tsufa ne kawai ba? Mata kuwa haila da haifuwa suna rage musu kaya shekara da shekaru, saboda haka nasu yakan jinkirta sai bayan al'ada ta ɗauke, lokacin da ake tsammanin sun huta.

An daɗe ana zaton mafi yawan masu wannan gado ba ya yi musu kome, har sai da masana na Jami'ar Exeter suka fitar da bincikensu a farkon 2019, bayan sun bi mutum fiye da 450,000 'yan shekara 40 zuwa 70 a Birtaniya, waɗanda 2,890 daga cikinsu suke da kwafi biyu. Suka tarar kimanin namiji 1 cikin 5 da mace 1 cikin 10 na masu kwafi biyun an tabbatar musu da ciwon, kuma waɗanda suka haura sittin a cikinsu sun fi tsararrakinsu fama da raunin tsoka da ciwon jiki mai naci. Wannan ya nuna cewa wani kaso na abin da ake jingina wa tsufa ciwo ne mai suna, mai sababi, mai magani.

Na san mai hankali zai yi mini i'itiradi ya ce wannan ciwon Turawa ne, mene ne namu a ciki, mu da ƙarancin jini ya addabi matanmu da 'ya'yanmu? Rabin maganarsa gaskiya ce, ba zan ɓoye ba. Wani babban bincike da aka buga a 2005, wanda ya auna kusan mutum 100,000 a Amurka da Kanada, ya sami masu kwafi biyu na C282Y kimanin 44 cikin kowane 10,000 na farar fata, amma a cikin baƙar fata ba su kai 2 ba. Haka kuma ba ni da ja a kan ba masu juna biyu ƙwayar ƙarfe a wurin awon ciki, wannan maslaha ce tabbatacciya. Sai dai ƙarancin wannan harafi guda a cikinmu ba ya nufin littafinmu ya kuɓuta daga tas'hifi, namu kurakuran dabam ne, zan kuwa ambaci uku.

Na farko, tun 1929 wani likita mai suna Strachan ya ba da rahoton tarin ƙarfe a gawawwakin baƙaƙen fata a Johannesburg, aka daɗe ana ɗora laifin duka a kan giyar gargajiya da ake dafawa a gangunan ƙarfe, har 1992 lokacin da Victor Gordeuk da abokan aikinsa, bayan nazarin iyalai a kudancin Afirka, suka kawo hujjar cewa akwai hannun gado a ciki, wanda ba irin na Turawa ba ne. A 2003 aka gano wani sauyi a ƙwayar ferofotin, watau ƙofar kanta, mai suna Q248H, wanda ake samu a cikin 'yan Afirka da jikokinsu na Amurka. Shi kaɗai tasirinsa ba mai tsanani ba ne, amma idan ya haɗu da ƙarfen da ake ɗura wa jiki daga waje, ko da hantar da ciwon hanta nau'in B ya riga ya raunana, wanda ka san yadda ya yi katutu a ƙasar nan, to, kaya ya haɗu da mai rauni.

Na biyu shi ne sikila, wadda ƙasarmu ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, inda kimanin mutum 1 cikin 4 ke ɗauke da kwafi ɗaya, kuma ake haifar jarirai wajen 150,000 da ita a shekara. Alhamdu lillahi, da yawa daga cikin waɗanda a da ba a sa ran su balaga yanzu suna kaiwa arba'in da hamsin, wasunsu kuwa da ƙarin jini suka kai. Amma kowace leda ta jini tana ɗauke da ƙarfe miligiram 200 zuwa 250, wanda ba shi da mafita, saboda haka wanda aka yi wa ƙari sau ashirin ya karɓi fiye da abin da jikin lafiyayye ya ƙunsa gaba ɗaya. Irin waɗannan ba a iya ɗibar musu jini, sai dai magungunan da ke kama ƙarfe su fitar da shi, kamar diferoksamin da ake ɗurawa ƙarƙashin fata sa'o'i da yawa, ko diferasiroks da ake haɗiya, dukansu kuwa tsadarsu ta fi ƙarfin talaka. Abin takaici ne a ceci yaro daga sikila, sa'an nan a bar shi ga tsatsa yana dattijo.

Na uku shi ne gadon da ke sa a yi zaton ƙaranci alhali babu shi. Akwai wani hali da ake kira alfa talasimiya, mai yawa a Afirka ta Yamma, wanda ke sa ƙwayoyin jan jini su zama ƙanana, kamannin da ƙarancin ƙarfe ma yake bayarwa, har mai dubawa ya ruɗe ya rubuta ƙwayar ƙarfe ga wanda rumbunsa cike yake. Akwai kuma kishiyar ciwon Turawan, wadda aka gano a 2008, inda jakada ke yin yawa ƙofa ta ƙi buɗuwa, mai ita ko ya shanye kemis guda jininsa ba zai hau ba, sai an ba shi ta jijiya. Ga shi dai kasala ɗaya ce, amma sababinta ya sha bamban daga gida zuwa gida, wanda duk ya ba su magani ɗaya kuwa ya yi kama da alƙalin da ya raba gado daidai wa daida ba tare da ya tambayi wane ne ɗa wane ne ɗan'uwa ba.

Hatta tsohon da ƙarfensa ya yi ƙasa da gaske, kwalbar kemis zalunci ce a gare shi idan ba a nemi dalili ba. Namijin da ya manyanta, ko macen da ta daina al'ada, ba su da hanyar asarar jini ta ɗabi'a, saboda haka ƙaranci a wurinsu sau da yawa shaida ce cewa jini na tsiyaya a ɓoye: ko gyambon ciki, ko illar magungunan ciwon jiki da tsofaffinmu ke haɗiya kamar gyaɗa, ko tsutsar hanji, ko sankarar hanji wadda in an kama ta da wuri ake warkewa. Wani kuma ƙodarsa ce ta gaza, wani daɗaɗɗen ciwo ne ya sa hanta ta kulle ƙofa. Maganin ƙarin jini a nan shafe ne a kan tsagaggen bango.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona, ban kuwa roƙi abin da ya fi ƙarfin hukuma ba.

Da fari, a sa awon feritin, wanda ke nuna abin da ke rumbu, da awon cikar taransferin, wanda ke nuna abin da ke yawo cikin jini, su samu a kowane babban asibitin jiha, a kuma shigar da su cikin abin da inshorar lafiya ta ƙasa ke biya wa dattawa a ƙarƙashin dokar 2022. Biyun ake bukata tare, domin feritin yakan hau saboda zazzaɓin cizon sauro ko wani kumburi ba tare da ƙarfe ya yi yawa ba, amma idan awon cikar taransferin ya haura 45 cikin 100, ya wajaba a tsananta bincike.

Na biyu, a umarci hukumar NAFDAC ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin kowace kwalba da kwalin maganin ƙarin jini, da Hausa da sauran manyan harsunanmu, har da ajami domin dattawan da boko bai ratsa su ba, cewa namiji baligi da macen da ta daina al'ada kada su sha sai bayan awo. A kuma ja kunnen masu tallan da ke kiransa maganin kowace gajiya. Ƙwaya guda ta irin wadda aka saba bayarwa tana ɗauke da ƙarfe miligiram 65, wannan kuwa ba alewa ba ce.

Na uku, a sanya magungunan fitar da ƙarfe cikin tallafin masu sikila, a kuma buɗe wa kowannensu littafin da ake rubuta adadin ledojin da ya karɓa tun yarinta, domin a san ranar da ya kamata a fara auna shi.

Na huɗu, a ba asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da takwarorinsu na kudu kuɗi da kayan aiki su binciki ƙwayoyin gadon ƙarfe a cikin jama'armu, domin ba ya kyautuwa al'umma mai yawan tamu ta dogara har abada da abin da aka auna a jikin wasu. Kuma duk wanda aka samu da tarin ƙarfe, a mai da shi ƙa'ida a kira shaƙiƙansa da 'ya'yansa, kamar yadda likitan nan ya kira ni, musamman a gidajen da auren zumunci ya yi yawa.

Abin da zai ƙara maka ƙarfin gwiwa shi ne maganin mafi yawan masu tarin ƙarfe na gado yana cikin mafi arahar magunguna a duniya: a ɗebi jini kimanin rabin lita, da fari mako-mako har rumbu ya sauka, daga baya sau kaɗan a shekara, kuma an tabbatar tun 1985 a Jamus cewa wanda aka fara wa kafin hanta ta ƙandare ko sukari ya kama shi yakan yi tsawon rai kamar kowa. Mutanenmu kuwa ba baƙin fitar da jini ba ne, sun san ƙaho tun kaka da kakanni, ba za a sha wahalar fahimtar da su ba, illa dai a bayyana musu cewa wanzami ba shi da ma'aunin sanin nawa ya fita, nawa ya rage, wannan aikin asibiti ne.

Malamanmu sun karantar da mu cewa a cikin Alƙur'ani mai girma akwai sura sukutum da aka sa wa sunan ƙarfe, Suratul Hadid, kuma ayar da ta ambaci ƙarfe da ƙarfinsa da amfaninsa ga mutane, ita ce dai ta ambaci mizani. Na daɗe ina tunanin wannan haɗi tun ranar da muka dawo daga jana'izar yayana, na shiga ɗakinsa na tarar da kwalaben nan jere a kan taga, kowacce ɗa ne ko jika ya saya da guminsa, yana neman albarka. Ba su yi laifi ba, ƙauna ce ta sa su, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Ma'auni ne ba a ba su ba, shi kuwa a hannun hukuma yake, yau kuma hukumar kai ne.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama lafiya, ya ba dattawanmu tsufa mai sauƙi da cikawa da imani.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani tsohon malamin makaranta.